Na tarar da ledar tsofaffin hotunanmu, ta ina zan fara?

Wani bawan Allah daga Zariya ya rubuto cewa bayan rasuwar mahaifiyarsa, da suka zo kwashe kayan ɗakinta, sun tarar da wata leda a ƙasan akwati cike da hotunansa na makarantar kwana da na bautar ƙasa, daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa farkon 1990, wasu har da dodonsu, wato fim ɗin da aka buga su daga gare shi. Wasu sun yi ja, wasu sun manne da juna, akwai fuskokin da ya manta sunayensu, akwai kuma waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Yana tambaya yadda zai ceto hotunan, da ko ya dace ya zuba su a zauren WhatsApp na 'yan ajinsu. Ya ƙara da cewa tun da ya gan su zuciyarsa ta yi nauyi, yana ganin kamar duk daɗin rayuwa ya wuce.

Malam, Allah ya jiƙan Hajiya, ya kai haske kabarinta, ku kuma ya ba ku haƙuri. Ita ce ta riƙe maka wannan amana duk tsawon shekarun nan, domin a yawancin gidajenmu akwatin uwa ne ma'ajiyar irin waɗannan abubuwa.

Na yi aikin hoto tun zamanin da ake wanke fim a ɗakin duhu, yanzu kuma mafi yawan abin da ake kawo mini tsofaffin hotuna ne irin naka. Abin da ka ambata a gurguje shi zan sa a gaba, wato fuskokin da ka manta. Katin da ya yi shekara talatin da ɗoriya a akwati, in ka raba shi da laima da rana, zai ƙara wasu shekarun ba tare da ya sauya sosai ba. Mutanen da za su iya duban hoton su ce wannan wane ne ɗan wane, su ne ke ƙarewa. Ana kawo mini hotuna garau, ba tabo ba karce, amma duk gidan babu wanda ya san ko mutum ɗaya a ciki, saboda tsohuwar da ta sani ta rasu. Irin wannan hoton babu na'urar da za ta gyara shi. Don haka tun kafin ka kashe ko sisi a kan gyara, fara da rubuta sunaye.

Yadda nake ba da shawara a yi shi ne, ka ɗauki hoton taro, misali na 'yan aji, a buga maka kwafinsa a farar takarda ta yau da kullum, babba. A kan kwafin ka sa wa kowane kai lamba, daga hagu zuwa dama, layin baya sannan na gaba. A ƙasa ka rubuta suna, da sunan da ake kiransa da shi a makaranta, da garinsu. Laƙabin nan kada ka raina shi, sau da yawa shi ne ke buɗe ƙwaƙwalwar mutane. Za ka ce Ibrahim Musa kowa ya yi shiru, ka ce Dogo na ɗakin kwana na biyu sai mutum uku su amsa lokaci ɗaya. Inda ka kakare ka bar gurbi. Idan za ka tambayi abokai, tambaye su ɗaya bayan ɗaya kafin a haɗu, domin in an taru, wanda ya fi ƙarfin murya shi ke rinjaye ko da bai tuna daidai ba. Ka kunna rikoda a wayarka da izininsu. Mutum yana riƙe da hoto yakan faɗi abin da ba zai taɓa tunawa ba in tambayarsa kawai ka yi.

Kada ka rubuta a bayan asalin hoton da biro. Tawada tana hudawa, tana kuma shafar fuskar hoton da ke ƙarƙashinsa in an jera su. Fensir mai laushi ya fi, kana rubutawa a gefe ba tare da dannawa ba. Katin hoto mai kala yana da rufin roba wanda fensir ba ya kamawa sosai, to irinsa sai ka sa shi a ambulan ka yi rubutun a jikin ambulan ɗin.

Sai maganar jan da suka yi. Hoto baƙi da fari, ƙwayoyin azurfa ne suka zana shi, shi ya sa in an wanke shi da kyau yakan daɗe fiye da mai shi. Wanda ka ga ya yi rawaya ko ya yi dabbare-dabbare, galibi mai wankin ne ya yi gaggawa, bai ɗauraye maganin ƙarshe da isasshen ruwa ba. Shi kuwa mai kala babu azurfa a cikinsa bayan an gama wanki, rini ne kala uku aka shimfiɗa a kan juna: shuɗi mai ruwan kore, da ja mai ruwan hoda, da rawaya. Ukun nan ba sa koɗewa tare. A cikin duhu da zafi, shuɗin ne ya fi saurin tafiya a katunan shekarun 1970 da 1980, sai jan ya rinjaya. Hoton da aka rataye a falo yana shan haske kuwa sau da yawa jan ne ke guduwa, sai ka ga fuska ta yi fari ko ta yi kore-kore. Rinin da ya tafi ba ya dawowa a jikin kati, kuma duk wanda ya ce yana da maganin da zai shafa ya dawo da shi, kada ka ba shi hotonka. A kwamfuta ake gyara kalar, a jikin kwafi, kuma sakamakon yakan ba mutum mamaki, domin ragowar rinin na nan, daidaita shi kawai ake yi.

Waɗanda suka manne su ne masu haɗari. Fuskar hoto tana da wani siririn rufi mai danƙo wanda ke kumbura in ya sha laimar damina, ya kama duk abin da ya taɓa, in ya bushe kuma ya riƙe. In ka ja da ƙarfi, fuskar ɗaya za ta bi bayan ɗayan, shi ke nan. Da farko ka ɗauki hoton duk abin da ake iya gani a yadda yake. Bayan haka ka gwada da wanda bai dame ka sosai ba: sa shi a ruwa mai tsabta mai sanyi, ba mai ɗumi ba, ka bar shi na ɗan lokaci, kana gwada gefen a hankali da yatsa. Katin kala mai rufin roba yakan saki da kansa. In ya saki, ka shimfiɗa kowanne a kan tsumma mai tsabta, fuska sama, a inuwa, kada ka goge fuskar, kada ka sa guga. Amma akwai waɗanda ba a sa wa ruwa ko kaɗan: wanda ya yi fumfuna, domin fumfunar ta riga ta ci rufin kuma hoton zai narke a hannunka, wanda aka yi wa fenti da hannu ko aka yi rubutun tawada a bayansa, da hoton Polaroid mai fitowa nan take. Wanda ya manne da gilashin firam ma a bar shi a haka, a ɗauki kwafinsa ta cikin gilashin. Albam ɗin nan mai shafi mai gam da leda a sama, wanda aka yi yayinsa sosai, shi ma yana cin hoto. In kusurwa ta ɗaga, ka zura siririn zare mai santsi ta ƙarƙashi kana ja hagu da dama har ya fita. In ya ƙi, ka bar shi a shafinsa.

Abu ɗaya da nake roƙon kowa: kada a kai asalin hoto a yi masa lamineshan. Zafi da gam ne, ba a warwarewa, kuma in laima ta shiga ta gefe, hoton zai ruɓe a ciki kana kallo.

Wajen ɗaukar kwafi, in ka sami mai sikana, ka ce a yi maka a 600 dpi, wato ɗigo 600 a kowane inci, ƙananan hotuna irin na fasfo ma a haura haka. A kashe duk wani gyara na kai tsaye da na'urar ke yi, a ajiye na asali yadda ya fito, gyara kuma a yi shi a kwafi na biyu. A ɗauki bayan hoton shi ma. In waya kawai gare ka, ta wadatar: ka fita inuwa da hantsi, ka shimfiɗa hoton a kan baƙin yadi, ka kashe filashi, ka riƙe wayar daidai saitin hoton ba a karkace ba. In za ka tura wa wani ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, domin in ka tura shi a matsayin hoto ana matse shi ya rage kyau. Ka ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, ɗaya a wajen wani ɗan'uwa a wani gida.

Akwai manhajojin da suka fito yanzu masu cewa suna gyara tsohuwar fuska da ƙirƙirarriyar basira. Ka yi hattara da su. Ba tono abin da ya ɓace suke yi ba, ƙirƙira suke yi daga dubban fuskokin wasu mutane. Za su ba ka fuska mai sheƙi, idanu tar, haƙora a jere, amma zanen ƙabila ya goge, wushirya ta toshe, hancin ya zama na wani. 'Ya'yan mamaci da ba su san shi ba za su girma da fuskar da ba ta mahaifinsu ba. Ni na gwammace hoto dishi-dishi na gaskiya a kan wannan.

Dodon da ka ce ka samu kuwa, ka yi sa'a. A zamaninmu mai hoto ne ke riƙe dodo, kati kawai yake ba ka, sai in ka biya daban, shi ya sa gidaje da yawa ba su da shi. Launin lemo da ka gani a jikinsa ba lalacewa ba ce, haka dodon kala yake. Ka riƙe shi ta gefe, kada yatsa ya taɓa tsakiya, kada ka yanka shi ɗaiɗai. Yana ɗauke da bayani fiye da katin da aka buga daga gare shi, kuma in an yi sikanin ɗinsa a 2400 dpi ko fiye, za ka ga abin da ba ka taɓa gani ba, har rubutun allo da ke bayanku. Abin da ya fi wannan, fim ɗin 35mm yana ɗaukar hoto 24 ko 36, kuma ba duka ake bugawa ba. Wanda wani ya kifta ido, ko ya juya yana dariya, ko wani ya faɗo ta gefe, mai hoto yakan tsallake shi don ba za a biya ba. To waɗannan da aka tsallake su ne suka fi kama da ku yadda kuke a lokacin. Lambobin da ke gefen fim ɗin kuma za su nuna maka wanne ya riga wanne a ranar. Seydou Keïta na Bamako, wanda ya buɗe gidan hotonsa a 1948, duniya ba ta san shi ba sai a farkon shekarun 1990, kuma abin da ya sa aka iya sanin nasa aikin shi ne ya adana dubban dodon hotunan da ya ɗauka. In ka buɗe ledar ka ji wani tsami-tsami mai hawa hanci, to robar fim ɗin ta fara ruɓewa, ka ware shi daga sauran, ka fara kai shi sikanin.

Ma'ajiya ba ta da wahala. Ɗaki na ciki mai sanyi, nesa da bangon da ke jiƙa, ba a ƙasa ba saboda gara da ambaliya, ba kuma a saman sif kusa da rufin kwano ba. Ka cire roba mai ɗaurewa da duk ƙarfen maƙala takarda. Ka raba kati da dodo. 'Yan ƙullin nan masu shan laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi suna taimakawa, ka riƙa sauya su, ka kuma leƙa akwatin a tsakiyar damina.

In kana son sanin shekarar hoto, juya bayansa tukuna. Hatimin gidan hoton zai ba ka gari, wani lokaci har da kwanan wata. Jajayen lambobin da wasu kyamarori ke bugawa a kusurwa kada ka yarda da su kai tsaye, domin in an sauya batir ba a saita ba, kwanan wata yakan koma baya. Hoton biki ya fi sauƙi saboda liƙi: takardar naira 20 mai hoton Murtala ta fito a 1977, an sauya launin kuɗi a 1984, naira 50 ta zo a 1991, naira 100 a ƙarshen 1999, naira 500 a 2001. In ka ga naira hamsin a goshin ango, ka san hoton bai riga 1991 ba. Kalandar bango, da lambar mota, da sunan jiha a allon makaranta duk shaidu ne. Allon da ya ce jihar Katsina bai riga 1987 ba, wanda ya ce Jigawa ko Kebbi ko Yobe bai riga 1991 ba.

Yanzu ga nauyin zuciyar da ka ce kana ji. Na yarda da kai, kuma ba kai kaɗai ba ne. Na ga dattawa sun zo karɓar aiki, sun zauna a benci da hoto a hannu, yatsa na bin layi, suna cewa wannan ya rasu, wannan ma ya rasu, wannan yana Legas, wannan ban san inda yake ba, har murya ta sarƙe. Ga rasuwar Hajiya kuma a kai. Amma a matsayina na wanda ya tsaya a bayan kyamara, akwai abin da ya kamata ka sani game da yadda aka yi hotunan nan. Fim kuɗi ne, wanki kuɗi ne, kowane kati kuɗi ne. Ba wanda ke kiran mai hoto ranar da aka kore shi gida saboda kuɗin makaranta, ko ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi, ko ranar da gari ya ƙare a akwati saura mako uku a yi hutu. Ranar Sallah ake kiranmu, da ranar gama jarrabawa, da ranar fita daga sansani. Agogon da ke hannun abokinka wataƙila aro ne, zai cire ya miƙa wa na gaba. Wayar tarhon da wani ya kara a kunne a sutudiyo ba ta haɗe da komai, furen roba ne, jirgin saman da ke baya zane ne a labule. Mu muke cewa ɗaga haɓa, gyara hula, kada ka motsa. Abin da ke cikin ledar nan zaɓaɓɓun ranaku ne daga shekaru masu yawa, kuma ba adalci ba ne ka auna rayuwarka ta yau gaba ɗayanta, da bashinta da ciwon bayanta, da ranakun kwalliya na ƙuruciya.

Sai dai akwai gaskiya a ciki da ba aro ba ce. Wanda ya tsaya kusa da wa, wanda ya ɗora hannu a kafaɗar wa, wannan ba mu muke shirya shi ba. Sannan duk hoton da ka samu na abokinka shi kaɗai, da rubutu a baya cewa ga wannan don tunawa, ka sani ya cire kuɗin da zai ci abinci ya buga kati biyu ko uku, ya zaɓe ka cikin waɗanda zai ba. A ganina wannan ne ya sa tsohon kati ɗaya ke taɓa zuciya fiye da hotuna dubu na cikin waya. In ka tarar da wanda aka yanke wani da almakashi ko aka karce fuskarsa da biro, ka bar shi yadda yake, kada ka sa a cike gurbin. Shi ma labari ne na abin da ya faru tsakaninku.

Game da zauren 'yan aji, ka sa, amma ba duka ba, ba kuma lokaci ɗaya ba. Hoton taro na aji ko na ƙwallo ba laifi, kuma nan ne za ka cike guraben sunaye cikin kwana kaɗan. Ɗaya a lokaci guda ya fi, domin in ka zuba hamsin za a yi ta danna alamar so a wuce ba wanda ya ce komai. Hotunan mata kuwa amana ce. Yarinyar da ta tsaya da ku a sansanin bautar ƙasa ba lulluɓi, yau matar wani ce, uwar wasu, wataƙila kaka. Abin da ya shiga zaure ya fita daga hannunka, gobe yana Facebook. Ka nemi izininta ta hanyar da ta dace, in ba ka same ta ba ka bar hoton a ambulan. Haka abokin da aka ɗauka da taba a baki ko a wajen rawa, wanda yau limami ne ko mai riƙe da muƙami, tura masa shi kaɗai, shi ya yanke hukunci. Akwai kuma 'yan'uwa da ba sa son hoto saboda fahimtarsu ta addini. A girmama su, kada a yaɗa nasu, amma su ma kada wani ya ƙona na gida gaba ɗaya ba tare da shawarar sauran ba.

Abokan da ka fi kusa da su, kada ka tsaya a tura hoto. Zumunta a ƙafa take. Buga kwafi a kati, ka sa a aljihu, ka je. Mutum biyu da suka yi shekara ashirin ba su haɗu ba sukan rasa abin faɗa bayan gaisuwa, amma da hoto a tsakani hira ba ta yankewa. Ka shirya wa cewa wani zai karɓe ka hannu biyu, wani kuma zai duba ya ce Allah sarki ya miƙo maka, saboda shekarun da kake tunawa da daɗi shi wahala ya sha a cikinsu. Kada ka riƙe shi da wannan. In akwai wanda kuka rabu ba daɗi, hoton ya ishe ka dalilin sallama a ƙofarsa, ba sai ka tono abin da ya wuce ba.

Waɗanda suka rasu, nemi iyalansu. Yara da yawa ba su taɓa ganin mahaifinsu yana ɗan shekara goma sha bakwai ba, wasu ma hoton fasfo ɗaya ne kawai a gidan. Kada su fara cin karo da shi a zaure ko a intanet. Ka bi ta hannun wan mamacin ko ƙaninsa ko babban ɗansa, musamman in matar ta sake aure, ka tambaya ko suna so. In sun ce suna so, ka buga musu mai kyau, girman da za a iya sa wa a firam, ka haɗa da takarda mai sunan makarantar, da shekarar, da sunayen waɗanda ke tsaye tare da shi, da lambar wayarka, domin in yaran sun natsu za su so su tambaye ka wane irin mutum ne shi a lokacin.